Abba Ya Ɗauka Abokan Wasa Ne

Jinin Abba ya ƙi fita daga leshina. Na tsaya a banɗakin asibiti na cuɗa hannun rigar da sabulunsu mai warin magani har fatar yatsuna ta yamutse, amma tabon na nan, ya tashi daga ja ya koma ruwan ƙasa. Leshi ne ruwan toka mai ƙananan duwatsu, Gwaggo Rekiya ta aiko min da shi daga Kantin Kwari, ko da yake ina da tabbacin daga nan Guangzhou aka kai shi can. Na adana shi ne don ranar da Agron zai fara cin abinci a gidanmu. Yau ce ranar.

Ku da kuke ta turo min saƙo kuna tambaya ko Abba ya amince, ku gyara zama. Ku kuma da yau kuka fara karanta ni, sunana Saffana. Mahaifina Alhaji Abdulgani Bakano ne, ya daɗe a China yana tattara kayan 'yan kasuwarmu yana loda musu kwantena, Yaya Faruƙ yana taya shi. Ni nan na yi karatu, don haka harshen mutanen ya zauna a bakina, kuma da shi nake cin abinci: ina raka baƙi kasuwa ina yi musu tafinta. A kasuwar tufafi ta Shahe na haɗu da Agron. Na same shi yana nuna wa wata mai shago hoton wandon yara, ita kuma tana daga zaune tana ce masa "meyo, meyo", wato babu, alhali ga kayan nan jibge a bayanta. Na sa baki, wando ya fito. Ya juyo ya yi min sallama cikakkiya, har da wabarakatuhu, ni kuwa na saki baki ina kallon Bature mai koren ido yana jan "ha" daga maƙogwaro.

Musulmi ne gaba da baya, Ba'albaniye daga wani gari Prizren a ƙasar Kosovo, can Turai. Yana da sanyin hali, ko dariya ba ya yi da ƙarfi. Ina son sa, ban taɓa ɓoye muku ba, kuma ko yanzu da nake rubutun nan ban daina ba.

Abba bai ƙi shi ba tun farko. Ya sha ganin sa a sahu a Masallacin Huaisheng ranar Juma'a, ya ce yaron yana da natsuwa. Yaya Faruƙ ne ya kafe, wai duk Kano da Damagaram an rasa namiji sai na ɗauko wanda ba a san inda aka binne cibiyarsa ba. Gwaggo Rekiya kuwa ta mayar da wayar Abba gidan rediyo. Kullum sai ta aiko da saƙon murya, kuma ba ta san gajere ba.

"Yaya, ni ban ce Bature ba mutum ba ne. Amma mu ba ma ba da 'ya sai an binciki asali. Su waye iyayensa? Akwai hauka a danginsu? Suna dukan mata? A samo wanda ya san gidansu, ya faɗa da bakinsa."

Da Agron ɗan Fagge ne, da an tura mutum biyu unguwarsu su zauna a majalisa, su tambayi mai shayi da limami, kafin la'asar an san har sunan kakarsa. To wa za a tura Prizren? Wannan ya hana Abba sukuni, sai ran nan ya shigo gida yana murmushi, ya ce Allah ya kawo mafita, ya samo ɗan garinsu Agron a nan cikin Guangzhou. Na tambaye shi ko wane ne, ya ce ba ruwana, maganar manya ce, in dai shirya abinci ranar Juma'a bayan an sauko.

Kafin in ci gaba sai kun san yadda gidanmu yake, in ba haka ba za ku ɗauka Abba mugu ne ko wawa, kuma ba ko ɗaya. Innata, Hajiya Habsatou, 'yar Damagaram ce. Kun san tsakanin Kanawa da Damagarawa. An yi yaƙi a da, na gaske, da mashi da bindiga da gawarwaki, amma yau abin ya zama wasa. Tun ina ƙarama ban taɓa ganin an ci abinci a gidanmu ba tare da an tayar da yaƙin nan ba. Inna ta ajiye kwano ta ce, "Ci, bawan Damagaram, kakanninka ma mu muka ciyar da su." Abba ya ce ai su baƙi ne, jiya-jiya suka fito daga daji suka ga birni. Ta ce sun kore su har bakin ganuwa, ya ce ai ganuwar ce ta ba su tsoro suka juya. Su yi ta yi har Inna ta ƙware da dariya. A wurin Abba, duk ƙabilu biyun da suka taɓa yaƙi kuma suke gardamar wa ya riga wani, to taubasai ne, kuma babu abin da ke haɗa zumunci kamar a tsokano su.

Ranar Juma'a tun safe muke kicin. Inna ta tuƙa tuwon shinkafa, ni na yi miyar taushe da kabewar da na samo a kasuwar unguwarmu ta Xiaobei da daddawar da muke lallaɓawa kamar zinariya. Muka yi farfesun kayan ciki, ta fito da kilishin da ƙanwarta ta aiko, na haɗa zoɓo da citta da kanumfari na cika babban jug ɗin gilashi, mai kauri, wanda sai da hannu biyu nake ɗaga shi. Na turara falo, na shimfiɗa ledar cin abinci a kan kafet. Na sa leshin nan, na yafa farin mayafi, na shafa humra. Ina ɗaura ɗankwali saƙonsa ya shigo.

"An idar da salla. Ina bayan Baba Alhaji a hanya. Ki yi min addu'a."

Na rubuta masa, "Ka ci tuwo da hannu, ka ce ya yi daɗi ko bai yi ba. Sauran ka bar wa Allah."

Ya turo hoton kwalin da ya riƙo, kayan zaƙi irin na ƙasarsu da ya sa aka yi wa Inna. Na yi ta kallon hoton ina murmushi ni kaɗai.

Suka shigo su uku, Abba da Yaya Faruƙ da Agron, yana sanye da farar jallabiyar da na zaɓar masa. Ya durƙusa har ƙasa ya gaishe da Inna da Hausar da na koya masa, ta amsa tana rufe baki da mayafi. Ba a jima ba aka ƙwanƙwasa ƙofa, Abba ya miƙe da kansa ya buɗe.

Milo ne. Na san shi sama-sama, wani dattijon Bature ƙaƙƙarfa mai furfura da katon ciki, sunansa Milorad, yana sayen fitilu a unguwar Liwan, kuma sun shekara da shekaru suna hulɗa da Abba. A ofis Milo Bature kawai ake ce masa. Ban taɓa tambayar ƙasarsa ba, kuma wallahi da na tambaya da yau ba ta zo a haka ba. Daga baya Inna ta gaya min yadda aka yi. Abba ya tambaye shi ko ya san Prizren, ya ce a can aka haife shi. Da ya ji yaron Ba'albaniye ne sai ya yi wata 'yar dariya ya ce, "Baƙinmu ke nan, jiya suka zo, yau sun ce gidan nasu ne." Abba ya ji kalmomin da shi kansa yake faɗa wa Inna kullum. Ya dawo gida ya ce mata an dace, ashe ma abokan wasa ne.

Abba ya kamo hannun Milo ya kawo shi gaban Agron, da Turancinsa na kasuwa ya ce ga ɗan'uwanka, garinku ɗaya. Milo ya faɗi sunansa cikakke. Ina kallon fuskar Agron lokacin da sunan ya shiga kunnensa. Jinin fuskar ya janye, leɓensa ya yi fari. Sau ɗaya ya taɓa ba ni labarin yaƙin ƙasarsu, a taƙaice, ya ce yana ɗan shekara shida Sabiyawa, ƙabilar da suka yi yaƙin da ita, suka zo da bindiga suka sauke mahaifinsa daga kan tarakta a hanyar gudun hijira, kuma har yau ba a ga ko takalminsa ba. Nan take na gane. Milo Basabiye ne.

Amma ku ji, sun yi ƙoƙari. Wannan nake so ku riƙe kafin ku zage su a sharhi. Sun yi musabaha, gajeriya. Sun zauna, kowa a gefensa na leda. Milo ya tambaye shi unguwarsu, ya faɗa, Milo ya ce ya san gadar dutsen da ke kusa, har ya san wani mai gasa burodi a wurin. Agron ya ce mai burodin ya rasu. Suka ci gaba da cin tuwo. Da an bar su haka, da kowa ya wanke hannu ya tafi da abinsa a ciki.

Na matsa kusa da Abba da sunan zuba masa miya, na raɗa masa cewa don Allah kar ya tayar da zancen ƙabila. Ya dube ni yana dariya, ya ce da Hausa, "Ke dai ba ki san wasa ba. Bari ki ga yadda ake kwance wa baƙo ɗaurin fuska."

Ya gyara zama, ya suɗe yatsa, ya juya harshe zuwa Turanci.

"To, ku gaya min gaskiya tun da ga ku ga juna. Garin nan naku, wa ya riga zuwa? Wane ne maigida, wane ne baƙo?"

Kowannensu ya mayar da ido kan kwanonsa. Abba ya ɗauka kunya ce, ya ƙara da nuna Agron da cokali.

"Milo ya ce jiya kuka zo."

Agron ya ajiye lomar da ya ɗauko. A hankali ya fara, idonsa a kan Abba, cikin ladabi kamar mai ba da hadda. Ya ce mutanensa jikokin Iliriyawa ne, waɗanda ke zaune a duwatsun nan tun kafin Rumawa su zo. Ya ce sunansa ma na wani tsohon sarkinsu ne, mahaifinsa ya zaɓa masa. Ya ce harshensu bai yi kama da na kowa a yankin ba saboda ya girmi na kowa. Su kuwa Sabiyawa, in ji shi, kowane littafi ya san lokacin da suka ƙetaro kogin Danube daga arewa, wajen ƙarni na shida ko na bakwai, suka tarar da mutane a wurin.

Abba ya tafa hannu, ya ce wa Milo, "Ka ji fa, ya ce kai ne baƙon. Rama."

Milo ya goge baki. Ya ce labari ne mai daɗi, irin wanda ake koya wa yara a makaranta. Ya ce a nuna masa takarda ɗaya, dutse ɗaya, da aka rubuta da harshen Albaniyawa a zamanin da ake magana. Ya ce tsakanin Iliriyawan nan da ranar da aka fara ambaton Albaniyawa a littafi akwai ɗaruruwan shekaru da babu wanda ya ji ɗuriyarsu, to ina suka shiga? Ya ce Prizren fadar sarakunan Sabiya ce, coci-cocinsu na nan tsaye tun kafin Turkawa, sunayen ƙauyuka da koguna duk da harshensu suke. Turkawa ne, in ji shi, suka kori mutanensa, sannan makiyaya suka gangaro daga tsauni suka shige gidajen da aka bari. Ya ƙara da cewa wasu ma sun ce daga can duwatsun Kaukasus na gabas mai nisa aka kwaso su.

Ni dai a zaman asibitin nan na duba waya, na ga malaman tarihin ma ba su gama daidaitawa ba. Sun yarda harshen Albaniyawa tsoho ne a yankin, sun yarda Sabiyawa sun yi mulki da gine-gine a wurin, sauran kuwa kowa da abin da yake hasashe, har masu gwajin jini suna cewa kakannin nasu sun cakuɗa. Amma a falonmu ba mai neman sani. Muryoyi sun fara hawa, Agron ya daina kallon Abba, Milo ya ture kwanonsa gefe. Inna da ba ta jin Turanci ta taɓo ni ta ce, "Saffana, wannan ba wasa ba ne. Dubi wuyan yaron." Jijiya ce ta fito masa raɗa-raɗa.

Abba shi kaɗai ne bai gani ba. Dariya yake yi har da dukan cinya, yana cewa haka ake so, yana ba su labarin yadda shi ma yake fama da 'yar Damagaram. Sai ya jefa ta ƙarshe, irin wadda yake jefa wa Inna.

"To a yaƙin naku, wa ya kori wani? Wa ya fi gudu?"

Milo ne ya fara magana, muryarsa ta sauka ƙasa. Ya ce mahaifiyarsa tsohuwa ce mai share coci, ta ƙi barin garin bayan yaƙi don ta ce ba ta yi wa kowa komai ba. Bayan 'yan shekaru matasa suka zo da fetur suka cinna wa unguwarsu wuta, aka jawo ta waje da rigar barci, ta mutu a sansanin 'yan gudun hijira tana tambayar wa ya kulle mata ƙofa. Ya ce ga amsar wa ya gudu.

Na ɗauka Agron zai yi shiru. Wanda na sani da zai yi. Amma wani mutum ne daban ya buɗe baki, ya ce wutar da suka kunna ce ta dawo musu, kuma duk abin da aka gina a ƙasar sata ƙarshensa toka.

Milo ya dube shi, ya ce, "Je ka tambayi ubanka daga wane tsauni ya gangaro. In kun gano ramin da yake."

Ban ga tashin Agron ba. Na dai ji ƙarar kwanuka, sai na gan shi a kan Milo, ya ƙetare ledar gaba ɗaya, gwiwarsa cikin miyar taushe. Naushin farko ya sami Milo a baki, na ji ƙarar haƙori. Na biyu ya fasa masa gira. Dattijon nan kuwa ba kanwar lasa ba ne, ya cafki wuyan jallabiyar ya sa goshi ya daki hancin Agron, jini ya tsinke ya wanke farar rigar har ciki. Suka yi birgima suka daki teburin talabijin, kwalin kayan zaƙin Inna ya tarwatse, suka murƙushe shi da bayansu. Kowa na zagi da harshensa. Milo ya samu sama, ya sa hannu biyu ya shaƙe shi, ina ganin idon Agron yana firfitowa, ƙafarsa na dukan kafet.

Na yi kansu ina jan rigar Milo, ya yi min wurgi da gwiwar hannu, na faɗa kan kujera, bakina ya fashe. Ganin haka Yaya Faruƙ ya shiga. Na ɗauka rabiya zai yi, ashe dama ya samu. Ya ture Milo gefe, ya rufe Agron da duka, yana harbin sa a haƙarƙari yana cewa da ma ya faɗa, da ma ya faɗa. Inna ta rungume shi ta baya tana salati, yana jan ta a ƙasa. Abba yana tsaye a tsakiya da hannuwa a sama, hularsa ta faɗi, yana ta maimaita kalma ɗaya da Hausa, wadda babu Baturen da zai gane.

"Wasa ne. Ku tsaya, wasa ne."

Agron ya kuɓuce. Ya miƙe yana tangaɗi, fuskarsa duk jini, hannunsa ya faɗa kan jug ɗin zoɓo. Da hannu ɗaya ya ɗaga shi. Milo yana durƙushe yana tofar da jini, ƙeyarsa a buɗe. Na kira sunan Agron, na san ya ji ni, amma ko juyowa bai yi ba. Idon nan kore da nake mutuwar so, babu kowa a cikinsa. Ya kawo jug ɗin da dukkan ƙarfinsa, Abba kuma ya shiga tsakani ya tare da hannu.

Gilashin ya fashe a damtsensa. Zoɓo ya wanke babbar rigarsa, ya fantsama har bango. Abba ya zauna daɓas, yana kallon hannunsa da mamaki. Inna ta ce, "Zoɓo ne, Alhaji, zoɓo ne ko?" Ni ma haka na so ya zama. Sai muka ga jan yana fitowa daga cikin hannun riga yana tsalle, yana tafiya daidai da bugun zuciya.

Yaya Faruƙ ya sandare. Waɗanda suka motsa su ne mutum biyun da suka gama yunƙurin kashe juna. Agron ya yage jallabiyarsa daga wuya har ƙasa, Milo ya zare bel ɗinsa ya ɗaure damtsen daga sama, ya sa cokalin miya ya murɗa. Ɗaya ya danne ciwon, ɗaya ya ɗaga hannun sama. Ba su yi wa juna magana ba, amma hannuwansu sun san aikin, kuma na gane a wuri ɗaya suka koye shi. Gidanmu tsohon gini ne, babu lifta. Su biyun suka ɗauki Abba, Milo ta kafaɗa, Agron ta ƙafa, suka sauka da shi bene, ni ina biye ina riƙe da hannun, jininsa na bin leshina. Maƙwabciyarmu tana leƙe ta ƙofa da waya a kunne, na ji abin da take faɗa, 'yan sanda take kira.

An yi masa ɗinki, an ƙara masa jini. Likita ya ce da ba a ɗaure hannun da wuri ba da labarin ya sha bamban, ya kuma ce sai an ga yadda yatsu biyu za su yi, don jijiya ta taɓu.

Wajen magariba ɗan sanda ya iso asibitin, matashi, da 'yar kyamara a ƙirji. Ku da ba ku zauna a China ba, ku sani faɗa da rauni a nan ba abin da ake sasantawa a zaure ba ne. Baƙon da ya ji wa mutum ciwo irin wannan, tsarewa ce, daga nan a sa shi a jirgi, kuma ba zai sake shigowa ba. Takardun zaman Agron da ma a lallaɓe suke. Kalma ɗaya ta isa.

Muna tsaye a bakin gadon, Inna na gefe tana jan carbi, Yaya Faruƙ yana huci, Turawan biyu a jikin bango, kowa da auduga a fuska, tazara a tsakaninsu. Ɗan sandan ya tambaya wa ke jin yarensu. Ni kaɗai ce. Ya ce in tambayi mara lafiya wa ya yi masa wannan rauni.

Yaya Faruƙ ya buɗe baki, Abba ya ɗaga masa lafiyayyen hannun, ya rufe. Abba ya daɗe yana kallon silin. Fuskarsa ta faɗa, ya tsufa a yini ɗaya. Da ya yi magana, da Hausa ya yi, a hankali, ni yake kallo.

"Laifina ne. Na ga mutum biyu da ciwo, na ɗauka ƙaiƙayi ne, na sosa musu. Ki gaya wa ɗan sandan nan santsi ne ya kwashe ni da jug a hannu. Waɗannan kuma garin ɗauko ni suka faɗo a bene."

Na juya na faɗa da harshen China, muryata ba ta ko girgiza ba, Allah ya yafe min. Ɗan sandan ya dubi fuskokinsu, ya dube ni, na san bai yarda ba. Ya nuna Milo ya ce in tambaye shi ko haka ne. Mutumin nan an zubar masa da haƙori, an yi niyyar fasa masa kai, ga dama ta zo masa har gida. Na tambaye shi da Turanci. Ya kalli Agron, kallon da ba na fatan a yi min irinsa, sannan ya ce benen gidan Alhaji yana da santsi ƙwarai. Da ɗan sandan ya gama rubuce-rubucensa ya fita, Milo ya ɗauki bel ɗinsa mai jini, ya tsaya kusa da ni ya ce ba don yaron ya yi ba, don Alhaji ya yi. Ya fice bai waiwaya ba.

Wani sanyi ya ratsa ni, har na fara hamdala a zuci. Agron ya matso ya durƙusa a gaban gadon, yana kuka kamar ƙaramin yaro, yana cewa Baba Alhaji ya yafe masa. Abba ya ɗora masa hannu a ka, ya bar shi a wurin. Sai ya sake kallo na.

"Saura rabi, Saffana, shi ma ke za ki fassara. Ki ce masa na yafe masa jinina duniya da lahira. Yaro ne mai salla, kuma an zalunce shi, na gani. Amma Rekiya ta ce a binciki asali, na bincika, na kuma gani da idona. Kin kira sunansa yana riƙe da jug ɗin nan, bai ji ki ba. Mu namu yaƙin ya mutu, shi ya sa muke wasa da shi. Nasu da ransa, tare suke kwana. Ba zan ba da 'yata ta haifa wa wannan rigima sojoji ba. Na fitar da shi daga hannun hukuma, shi kuma ya fita daga gidana."

Inna ta sunkuyar da kai. Ko Yaya Faruƙ bai yi murna ba.

Agron ya ɗago, hannun Abba na kansa har lokacin. Bai ji ko kalma ɗaya ba, ya dai ji taushin muryar, ya ji an ambaci sunana, sai na ga fata ta dawo cikin idonsa. Hancinsa a kumbure, leɓensa a fashe, ya yi min ɗan murmushi.

"Saffana, me ya ce?"

Na ce masa ina zuwa, bari in wanke hannun rigata. Na shigo banɗakin nan na murɗa makulli, na cuɗa leshi har na gaji, na zauna a bakin famfo na rubuto muku wannan. Duk rayuwata abin da aka faɗa nake mayarwa, ban taɓa ƙari ba, ban taɓa ragi ba, ban kuma taɓa isar da ƙarya ba sai yau a gaban ɗan sanda. Abba ba ya jin abin da zan faɗa in na yi sauri da Turanci, Inna da Yaya Faruƙ ma haka, Agron ba ya jin abin da Abba ya faɗa, duk abin da ya fito daga bakina shi ne zai zama gaskiya a ɗakin nan. Wayata ta yi haske yanzu, saƙonsa ne.

"Ina bakin ƙofa. Duk abin da ya ce, daga bakinki nake so in ji."

Ina ganin inuwar ƙafafunsa ta ƙarƙashin ƙofar, bai matsa ba.